Ranar da Saurayina Ya Faɗa wa Goggo Sunan Ciwonta

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta yammacin da na kawo saurayina ya gaida Goggo. Har yau idan muka taru a gidanmu na Mubi da sallah, sai wani ya tayar da zancen, a yi ta dariya har a koma share ido, ni kuwa in tashi in ce zan duba tukunya.

Goggo yayar mahaifina ce, mahaifin namu kuma Baffa muke ce masa. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Mace ce mai gona a Bahuli, gyaɗa da masara da wake, ga baki kamar reza. Hausarta irin ta tsofaffin garinmu ce, wadda ba ta cika raba mace da namiji ba, don haka ni a bakinta kullum "yarinyan nan ya yi kaza" ce. A shekarar da nake ba da labari wani ƙari ya fito mata a mama. Aka kai ta babban asibiti a Yola, likita ya duba, ya ja Baffa gefe ya ce sankara ce. Baffa ya dawo gida ya tara mu a zaure, ya ce duk wanda ya kuskura ya furta wannan kalma, a gida ko a waje, ya nemi wani uban. A gaban Goggo sunan ciwon "ɗan ƙari", maganin kuma "ƙarin ruwa".

Ni na fi kowa goyon bayan wannan doka, domin haka yake a littafi. A lokacin ba ni da aikin da ya wuce karanta littattafan soyayya, na haya da na aro da waɗanda ake turowa a waya. A cikinsu duka, likita yakan cire tabarau a hankali, ya kira miji ofis, marar lafiya kuma ba a gaya mata komai. Takan kwanta ne da kwalliyarta, ta rame daidai yadda zai ƙara mata kyau, har ranar da masoyinta zai zubar da hawaye a tafin hannunta ta buɗe ido. Ban taɓa tambayar kaina ko marubutan sun taɓa shiga asibiti ba.

Da farko maganin ya yi aiki. Gashin Goggo ya zube, ta yi amai har ta gaji, amma ƙarin ya motse, muka fara murna. Bayan wani lokaci sai ya dawo. Aka sake ɗaura mata irin ruwan nan, bai ko gezau ba. Likita ya ce a dawo da ita a canza magani. Nan Goggo ta kafe. Ta ce ta gama da hanyar Yola, ƙafarta ba za ta sake taka mota ba, a bar ta ta mutu kusa da gonarta. Baffa ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman, ya kawo ƙawayenta. Addata, wato yayata, wadda ita ke raka ta asibiti, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ranar da aka ba mu ta komawa tana matsowa, Goggo kuwa tana zaune tana ɓarar gyaɗa kamar ba da ita ake ba.

Sai na ga ai wannan aiki nawa ne. Duk gidan babu wanda ya san yadda ake karya zuciyar mai taurin kai kamar ni, tunda na karanta an yi hakan a littattafai ba iyaka. Abin da ake buƙata kawai saurayi ne mai murya.

Saurayi dai ina da shi. Mun haɗu a keke napep ranar wani ruwan sama, muna tsallake gadar mayo, wato kogin garinmu, ya matsa ya ba ni gefen da ruwa ba ya shigowa. Kafin mu sauka na riga na raɗa wa 'ya'yanmu suna. Ɗan Gude ne, dogo, mai kunya, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a yana kuma karatun digiri na biyu. Yana sa farar riga a wurin aiki, don haka na gaya wa ƙawayena likita ne. Duk lokacin da wata ta ce masa dokta sai ya gyara mata, ni kuma in ce tawali'u ne.

Matsalarsa ɗaya, murya ce babu. Ranar da na sa kwalli na tambaye shi me ya gani a idona, ya leƙa da kyau ya ce alhamdulillahi, babu alamar ƙarancin jini. Idan ya zo zance, gaisuwa ce, sai shiru, sai in tambaye shi ya aiki. To nan ne bakinsa ke buɗewa, ya yi ta zuba har a kira magariba. Ni kuwa ba na jin ko kalma ɗaya. Ina kallon gashin idonsa ne, ina sa masa wasu kalmomin a baki, irin waɗanda suka dace da fuskar. Da za a tsare ni a ce me yake bincike a kai, da na ce wani abu ne na kwalabe.

Na shirya masa komai. Na ce lokaci ya yi da zai shigo ya gaida manya, kuma Goggo ba ta da lafiya, ta ƙi komawa asibiti.

"Me ke damunta?" ya tambaya.

"Ba a faɗi."

"To ni me zan yi?"

"Za ka durƙusa ka ce, Goggo, rayuwata ba za ta ga haske ba sai ranar da kika koma asibiti. Ka ce ba za ka ɗaura aure da farin ciki ba alhali wadda ta raini abar ƙaunarka tana kwance. Idan hawaye ya zo, kada ka hana shi. Ni kuma a daidai nan zan fito da tire."

Ya maimaita min sau da yawa a ƙofar gida. Yadda yake faɗi, ka ce sanarwar ɓatan akuya ake yi a masallaci. Na ce ya sa ɗan rawar murya, ya sa, ya koma kamar mai zazzaɓi. Na haƙura na ce idan ya ga Goggo abin zai zo da kansa.

Ya zo bayan la'asar cikin sabuwar shadda mai ƙara. Tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya taho a sunkuye kamar mai neman allura, ya tsuguna can nesa da tabarma. Goggo na ƙarƙashin mangwaro da kwaryar gyaɗarta, ta ja ɗankwali har gira. Baffa na kan kujera da rediyonsa. Adda na bakin madafa tana yi kamar tana wanke tukunya. Ni ina bayan labule da tiren kunun gyaɗa, cikin kofunan gilashin da ba a fito da su sai babban baƙo.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Gude da damina da shanu. Da aka gama na ga ya gyara tsugunnonsa, na san lokaci ya yi.

"Goggo," ya ce, idonsa a ƙasa, "rayuwata..."

"Me ya sami rayuwarka?"

"Babu komai."

"To madalla."

Shi ke nan. Jawabin da na kwana ina sassaƙawa ya mutu a nan, ko kafaɗa bai fito ba. Goggo ta ɓare gyaɗa ta jefa a kwarya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yarinyan nan ya ce kai likita ne."

"A'a, Goggo, ni ba likita ba ne. Bincike nake yi."

"Binciken me? Abu ya ɓata?"

Na ga kafaɗunsa sun saki. An taɓo wurin da yake da baki. Ya ɗago kai a karon farko, fuskarsa ta washe, ya ce da muryar da duk unguwa za ta ji, "A kan sankara nake aiki, Goggo. Muna son mu gane dalilin da ya sa magani yake fara cin ta, daga baya kuma ya daina."

Tukunya ta suɓuce daga hannun Adda. Baffa ya kama tari, ya murɗa rediyo har ƙarshe, wani mutum ya cika gidan da bayanin takin zamani. Ni kuwa a bayan labule na ga an rusa komai, kuma ni na kawo mai rusawar. Na tambayi kaina me jaruma take yi idan magana ta ɓaci a gaban manya. Amsar a fili take. Na fito da sauri, na zo tsakiyar gida, na tuna kofunan nan na gilashi ne, na durƙusa na ajiye tiren a hankali, sannan na dafa goshi na sulale ƙasa.

Na rufe ido ina jiran ihu da ruwan sanyi. Na ji shaddarsa ta yi ƙara, ya miƙe, amma a gaban surukai ba shi da halin taɓa ni, sai ya tsaya yana cewa ko a ɗaga mata ƙafafu.

"Ku bar shi," in ji Goggo. "Wanda ya sauke tire kafin ya faɗi ba ya mutuwa. Kai, kashe rediyon nan. Kai kuma yaro, zauna. Matso nan. Ka ce magani yana ci, sai ya daina. Me ya sa?"

Baffa, wanda shi ma Adda yake ce wa Goggo, ya ce, "Adda, yaron nan ya zo gaisuwa ne, kada mu tsare shi."

"Ni na tsare shi."

To ga ni kwance a ƙasa mai zafi, kumatuna a kan yashi, babu hanyar tashi ba tare da kunya ba. Ido a rufe, babu gashin idon da zan kalla. Haka dole ta sa, a karon farko tun haɗuwarmu a keke, na saurari abin da bawan Allahn nan yake faɗi.

Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace kuma a cikinta akwai wani dogon zare da ke ɗauke da umarnin yadda za ta rayu ta hayayyafa, shi ne ake kira DNA. Ƙwayar sankara ita ce wadda ta ƙi jin tsawa, take ta rabuwa ba tsayawa. Da yawa daga magungunan da ake ɗaurawa a jijiya, aikinsu su tsinka zaren nan ne, su dagula shi, yadda idan ƙwayar ta zo rabuwa sai ta kasa, ta mutu.

"To ai ya kamata ya mutu duka," in ji Goggo.

Ya ce da haka ne da an huta. Amma a cikin kowace ƙwaya akwai wasu sinadarai, enzayim ake ce musu, waɗanda aikinsu kai saƙo ne. Da zare ya tsinke, na farko zai gani, ya taɓa na biyu ya sa masa alama, na biyu ya taɓa na uku, kafin ka ce me labari ya kai ko'ina: a dakata da rabuwa, a kira masu ɗinki. Idan ɓarnar ta yi yawa, su ne kuma ya kamata su ce wa ƙwayar ta haƙura ta mutu. A jikin mai lafiya wannan rahama ce, da babu su da hasken rana kaɗai ya isa ya lalata mana jiki. Amma a cikin sankara akan sami wasu ƙwayoyin da masu kai saƙonsu sun fi sauri, su ɗinke zaren kafin magani ya gama aikinsa, saƙon mutuwar kuma su danne shi. Masu rauni su mutu, ƙari ya motse, a yi murna. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su rage, su hayayyafa, kuma 'ya'yansu duk irinsu ne.

Na ji Goggo ta ajiye kwaryar.

"Kamar ciyawa," ta ce. "Ka yi feshi bana ya mutu, saura ɗan tsiraru. Baɗi tsirarun nan ne zai cika gona, ka fesa masa irin na bara ya yi maka dariya."

"Haka ne, Goggo. Kusan haka ne."

"Su kuma masu kai saƙon nan, wannan ya gaya wa wannan, wannan ya gaya wa wancan. Ashe 'yan gulma ne a jikina. Na rabu da su a unguwa, sun biyo ni ciki."

Adda ta yi wata irin dariya mai haɗe da kuka. Baffa ya ce a hankali, "Adda, wa ya ce a jikinki? Yaron nan aikinsa yake faɗi. Naki ɗan ƙari ne."

"Kai, rufa min baki. Ni na goya ka." Muryarta ba ta tashi ba. "Na zauna a ɗaki ɗaya da mata, kowa kansa a aske kamar an yi suna. Kana tsammani na ɗauka wurin wanzami kuka kai ni? Tun zuwan farko na sani. Matar da ke gado kusa da ni ya gaya min kafin a gama ɗaura ruwa. Na ga kuna wahala kuna ɓoyewa, na ce bari in taya ku, kada in ɓata muku aiki."

A daidai nan tururuwa suka gano ni. Na ji ta farko ta hau wuyana, wata ta shiga hannun riga. Na cije, domin ko a littafi ba a farfaɗowa a tsakiyar irin wannan magana.

Goggo ta ci gaba. Ta ce abin da ba ta sani ba, kuma babu wanda ya gaya mata, shi ne me ya sa ruwan ya daina aiki. Likita da Baffa suke magana a baranda, Baffa ya dawo ya ce komai lafiya, za a ɗan canza magani ne. Ita kuwa ta ga an ce wa wata za a canza magani, ba ta sake ganinta ba. Sai ta ɗauka kalmar sallama ce, irin wadda ake yi wa wanda aka cire rai da shi. Ta ce idan sallama ce, me zai kai ta Yola ta karɓa, alhali tana iya karɓa a inuwar mangwaronta.

Saurayin nawa, wanda sai yanzu ya gane inda ya sa ƙafa, muryarsa ta fara rawa, rawar da na nema a ƙofar gida ban samu ba. Ya ba da haƙuri, ya ce wallahi bai sani ba. Goggo ta ce ya bar haƙuri ya amsa mata, canza magani sallama ce ko ba sallama ba.

Ya ce ba sallama ba ce. Ƙwayar da ta koyi ɗinke zare ba ta koyi komai da komai ba. Akwai magungunan da ba ta hanyar zaren suke bi ba, ta wata ƙofar suke shiga. Akwai kuma waɗanda aka yi don su toshe masu ɗinkin ko masu kai saƙon, wasu an fara ba masu wasu nau'o'in ciwon, wasu har yanzu gwaji ake yi, irin aikin da su suke ɗan taɓawa ke nan. Wanne ne ya dace da ita, wannan likitanta ne zai sani, shi da ya ga gwajinta.

"Zan warke?"

Na ji Baffa ya motsa a kujera. Ni ma a ƙasa na riƙe numfashi ina roƙon Allah ya sa ya ce eh, ko sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi abin da ake faɗi.

"Ban sani ba, Goggo," ya ce. "Allah ne ya sani. Abin da na sani, ba a gama da ke ba tukuna."

Goggo ta ce tun da ciwon nan ya fara, yau ne mutum na farko ya ce mata bai sani ba, kuma shi kaɗai ta yarda da shi. Ta juya wurin Baffa ta ce a nemi mota. Amma da sharaɗi: daga yau likita da ita zai yi magana, a gabanta, da sunan ciwon. Wanda ya ga ba zai iya ji ba, shi ya fita baranda.

Wata tururuwa ta cije ni a bayan kunne. Na zabura na zauna ina kakkaɓe jiki, rabin fuskata yashi.

"An dawo?" in ji Goggo. "Sannu da hanya. Miƙo wa baƙo kunu, ya huce."

Ta koma Yola a ranar da aka sa mata. Adda ta ce a can Goggo ta sa likita ya jawo kujera ya zauna, ta yi masa tambayoyi har ya ce ko a gidan akwai ma'aikacin lafiya. Sabon maganin bai kori ciwon ba, amma ya riƙe shi lokaci mai tsawo. Goggo ta sake ganin damina ba ɗaya ba, ta ci gyaɗar gonarta, ta zauna a gaba ranar aurenmu tana gaya wa dangin ango cewa ita ta zaɓe shi, ni ban san abin da na tsinta ba. Ta goya 'yata ta fari kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma har ƙarshe babu abin da aka sake yi mata a ɓoye.

Ban daina karanta littattafaina ba, har yanzu akwai su a ƙarƙashin matashina. Amma ranar nan ta koya min cewa shirun da muka yi wa Goggo, muna kiransa tausayi, tsoronmu ne muka ɗora mata ta ɗauka ita kaɗai, a kan ciwon da take ɗauke da shi. Marar lafiya ba hankalinsa ne ya kwanta ba. Yau idan wani nawa ya kwanta, nakan ja kujera kusa da gadon, in tambaye shi me ya sani, me kuma yake son a gaya masa, sannan in rufe bakina in saurara.